Tsohon harshen kwamfuta da ke bayan hasashen ruwan sama

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda buhunan masara ko doya daga kasuwar Arzeke ta Parakou zuwa Malanville ya san abin da ruwan sama na dare ɗaya kan jawo wa kayan da ba a rufe da tamfol ba. Shi ya sa idan damina ta kama, masu sauraro ba su barin mu huta a gidan rediyo da tambayar ko gobe za a yi ruwa. Amma kaɗan ne suka san cewa hasashen da muke karanta musu yana fitowa ne daga lissafin da aka rubuta da wani harshen kwamfuta wanda ya girmi yawancinmu.

Sunan harshen Fortran. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da shi a 1957, ƙarƙashin jagorancin John Backus, domin sauƙaƙa wa masana kimiyya lissafi. Har yau manyan manhajojin hasashen yanayi, irin su IFS ta cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, da ARPEGE ta hukumar yanayi ta Faransa, da WRF ta Amurka, akasarin rubutunsu da Fortran ne.

To, ina ruwan Parakou da Djougou? Idan ba a manta ba, a 2006 masana daga Afirka da Turai suka gudanar da babban binciken damina mai suna AMMA. An kafa na'urorin hango hadari a yankin Djougou, garin da fataken goro suka daɗe suna yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja, a Parakou kuma aka riƙa sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin iska da zafi. Tun kafin nan ma akwai ma'aunan ruwan sama a yankin saman kogin Ouémé. Irin waɗannan alƙaluma ne ake gwada manhajojin da su, a ga ko suna faɗin gaskiya game da daminar ƙasarmu.

Matsalar ita ce kwamfuta ba ta jin Fortran kai tsaye. Sai an sami wata manhaja mai aikin tafinta ta juya rubutun zuwa abin da injin yake ganewa. Kowane tafinta kuwa da sunan da ake kiransa da shi. A da, masu amfani da tafintan kyauta na GNU suna buga g77. A 2005 aka maye gurbinsa da gfortran. Saboda haka ɗalibin da ya gaji tsohon aiki daga malaminsa yakan tarar takardar umarnin haɗa aikin tana kiran g77, kwamfuta kuma ta ce ba ta san wannan suna ba. Kamar ka je tasha kana neman dillalin da ya daɗe da barin gari ne. Maganin shi ne a sauya sunan a cikin takardar. Haka kamfanin Intel ya ajiye ifort ya koma ifx, masu LLVM kuma a 2025 suka mayar da flang-new zuwa flang kawai. A wasu kwamfutocin ma idan ka buga f77 ko f95, gfortran ne zai amsa.

Sauya suna shi ne mai sauƙin. Shi kansa harshen an yi ta yi masa gyara: akwai na 1966, da FORTRAN 77, da Fortran 90, har zuwa na 2023. Tsohon rubutu yana bin tsarin katin da ake hudawa a zamanin da, inda duk abin da ya wuce gurbi na 72 a layi ba a karanta shi. Shi ya sa ake bambanta fayil mai ƙarshen .f da mai .f90, don tafinta ya san tsarin da zai bi. Bugu da ƙari, sabon tafinta ya fi na da tsanani. Daga gfortran na 10, wanda ya fito a 2020, idan wani sashe na aikin ya miƙa wa wani irin lambar da ba ita yake jira ba, sai tafinta ya ƙi ci gaba, alhali a da yakan kau da kai. Wannan ya tsayar da tsofaffin ayyuka da dama, har sai an ƙara umarnin -fallow-argument-mismatch, wanda ke mayar da kuskuren gargaɗi kawai.

A nan ne mai karatu ya kamata ya lura. Rufe bakin tafinta ba ya gyara kuskuren da ya gano. Aiki yana iya tashi lafiya amma ya ba da amsar da ta saɓa da ta da. Don haka masu hankali sukan sake zuba tsofaffin alƙaluma, su kwatanta sabon sakamako da tsoho kafin su amince, tamkar yadda ba ka karɓar sabon mudu sai ka gwada shi da wanda ka sani.

Hasashen damina da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai suke fitarwa kowace shekara tare da hukumomin yanayi na ƙasashenmu yana dogara da sakamakon irin waɗannan manhajoji. Wanda ya tuna ambaliyar 2010 a Benin ya san darajar gargaɗin da ya zo da wuri.

Kiranmu ga 'yan kasuwar da 'ya'yansu ke karatu a Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, shi ne kada su bar yaran su raina tsohon harshe don ya tsufa. Muna bukatar namu waɗanda za su iya buɗe wannan rubutu su gyara shi da kansu. Ku kuma masu lodi, ku saurari hasashe, ku kuma tanadi tamfol. Allah Ya ba mu damina mai albarka.