Dalilin da ya sa horo kaɗai ba ya riƙe ma'aikatan asibitocin gwamnati

Duk wanda ya taɓa kwana jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya ga yadda ma'aikaciyar jinya ɗaya ke zagaya ɗaki cike da majinyata har wayewar gari. Wannan ƙarancin hannu ya samo asali ne daga abubuwa biyu: yadda ake horar da ma'aikata, da kuma yanayin da suke aiki a ciki.

Ta fuskar horo, akwai tsari a rubuce. Kafin likita ya zama ƙwararre, sai ya shafe shekaru yana neman ƙwarewa a asibiti, yana rubuta jarrabawa mataki-mataki. A 2018 aka sanya hannu kan dokar da ta ɗora wa gwamnati ɗaukar nauyin wannan horo. Sai dai jinkirin sakin kuɗin na cikin ƙorafe-ƙorafen da ke jefa ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, cikin yajin aiki, kamar wanda ta shafe kimanin wata biyu tana yi a 2021.

Yanayin aiki kuwa ya fi horo sarƙaƙiya. Shekaru da dama alawus ɗin haɗari bai wuce naira 5,000 a wata ba, kafin a ƙara shi a ƙarshen 2021. Ga kuma tsarin albashi iri biyu, CONMESS na likitoci da CONHESS na sauran ma'aikatan lafiya, wanda ya daɗe yana rura wutar takun-saƙa tsakanin likitoci da gamayyar ƙungiyoyin JOHESU. Idan aka haɗa da ɗaukewar lantarki, ƙarancin kayan aiki da jinkirin ƙarin girma, sai ƙwararren da aka kashe wa kuɗi ya kama hanyar Birtaniya ko Saudiyya. A 2024, Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar.

Mara lafiya ne ke ɗanɗana kuɗar wannan hijira: dogon layi, ɗage ranar tiyata, da tilasta wa iyali zuwa asibitin kuɗi. Asarar ba ta tsaya nan ba, domin babban likitan da ya tafi shi ne malamin na baya.

A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufa kan hijirar ma'aikatan lafiya. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Nasarar manufar za ta dogara ne ga biyan haƙƙoƙi a kan kari, maye gurbin waɗanda suka tafi, da shugabancin da ke sauraron na ƙasa.