Me Ya Sa Kati 60 Ya Fi 80? Lissafin Haɗa Ƙunshin Kati, Daga Whot Zuwa Magic

Idan ka ƙetare kogin Kaduna da yamma ka nausa kudu, Barnawa ko Kakuri ko Sabon Tasha, da wuya ka rasa benci a gindin bishiya ko gaban shago inda ake buga Whot. Duk wanda aka cinye, abin da zai ce shi ne yau ba shi da sa'a. Sa'a kam akwai ta a ciki. Sai dai sa'ar nan ana iya ƙirga ta, har ma akwai wasannin kati da rabin gwanintarsu ke ƙarewa a wannan ƙirga, tun kafin a zauna a raba.

A Whot kowa daga tari ɗaya yake ja. Kati 54 ne, haka suke zuwa a kwali, ba ka ƙarawa ba ka ragewa. Wasan ma ba a nan aka ƙirƙiro shi ba, wani Bature ne mai suna William Henry Storey ya fito da shi a Ingila a 1935, mu kuma muka karɓe shi ya zama namu. To, a 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya zo da Magic: The Gathering, inda kowane ɗan wasa ke zuwa da nasa ƙunshin katin, wanda shi ya zaɓo daga ɗimbin katunan da ake saya ko musanyawa. Daga baya aka samu katin Pokémon a Japan a 1996, sai Yu-Gi-Oh! a 1999. Da yawa cikinmu a katun ɗin talabijin muka san waɗannan biyun.

Doka a Magic ita ce ƙunshinka kada ya gaza kati 60, kuma in ban da katunan “ƙasa” na asali, kati iri ɗaya kada ya wuce kwafi huɗu. Ana fara wasa da bakwai a hannu. Tambayar mai haɗa ƙunshi ita ce: katin nan da nake ji da shi, sau nawa zai zo mini?

Mu gwada da Whot tukuna, tunda shi muka sani. Katin 20, wato Whot ɗin kansa, guda biyar ne cikin 54. A ce an raba biyar-biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce a lissafa yiwuwar rashin samu. Katin farko, 49 cikin 54 ba Whot ba ne. Na biyu, 48 cikin 53, domin ɗaya ya fita kuma ba a mayar da shi ba. Haka har na biyar, 45 cikin 50. In ka ninka su duka, za ka samu kusan kashi 60 cikin 100. Ke nan yiwuwar ka buɗe hannu ka ga aƙalla 20 guda ɗaya kusan kashi 40 ne: rabo biyu cikin biyar. Masana na kiran wannan tsari haifajiyometirik, mu dai mu ce masa lissafin ɗiba ba mayarwa.

Abin sha'awa, amsar Magic ma kusan haka take. Kwafi huɗu cikin 60, hannu na bakwai, kashi 40 ne. Yanzu a ce ka ga katuna masu kyau sun yi maka yawa, ka kasa haƙura, ka cusa har ƙunshin ya kai 80. Kwafin dai huɗu doka ta ba ka, sai yiwuwar ta sauko zuwa kashi 31. A Yu-Gi-Oh! abin ya fi muni: kwafi uku aka yarda, hannu na biyar, ƙunshi daga 40 zuwa 60. Mai kati 40 yana da kusan kashi 34, mai 60 kuwa kashi 23 kacal. Shi ya sa yawancin 'yan gasa ke tsayawa a kan mafi ƙarancin adadin da doka ta yarda. Kowane kati da ka ƙara, ruwa ka ƙara wa miya.

In kana so abin ya riƙa zuwa a kai a kai, sai ka nemo wani katin daban mai yin aiki iri ɗaya, ka sa huɗu nasa. Takwas cikin 60 na kai ka kashi 65.

Wurin da sabon shiga ya fi faɗuwa shi ne katunan ƙasa. Su ne kuɗin da ake biya kafin a buga sauran katuna, su kansu ba sa kai hari, saboda haka ido ba ya son su. Amma mai shagon shayi da ya kashe jarinsa duka a madara da burodi ya manta gawayi, ai ba zai sayar da kofi ko ɗaya ba. An saba sa wajen 24 cikin 60. Duk da haka, lissafi ya nuna kusan sau ɗaya cikin bakwai za ka buɗe hannu ka ga ƙasa ɗaya tak ko babu sam. Wannan ba laifin ƙunshi ba ne, haka abin yake. Kuma ba a cika manyan katuna masu tsada zalla, dole a samu masu arha da za a fara bugawa kafin kuɗin ya taru.

Mu koma bencinmu na Kakuri. Mai Whot ba ya haɗa ƙunshi, amma ƙunshin da ke gabansa ba daidai aka raba shi ba. Da'ira 12 ce, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7 kawai. Babu lamba 6, babu 9. Lamba 2 da 5, masu sa a ɗebo biyu da uku, kowacce biyar ce. Lamba 8 uku ce, 14 huɗu, ita kuwa 12 biyu ce rak, a da'ira da alwatika. Saboda haka in abokin wasa ya rage da kati ɗaya, kai kuma ka ajiye 20, kiran tauraro ya fi tsare ka: 7 cikin 53, wajen kashi 13, a kan kashi 23 na da'ira.

Amma fa a yi hattara, wannan lissafin wanda bai ga komai ba ne. In da'ira tara sun riga sun faɗi a kan idonka, uku suka rage, da'ira ta koma ta fi tauraro wuya. Sannan katin ƙarshe na mutum ba tsintarsa ya yi ba, zaɓa ya yi ya ajiye. Inda ake ƙirga maki, tauraro ninki biyu yake ci, don haka mutane kan yi saurin rabuwa da shi, wasu kuma 20 suke ɓoyewa har ƙarshe. Sanin halin waɗanda kake wasa da su wani ɓangare ne na lissafin. 'Yan gasar Magic ma suna da katuna 15 na gefe da suke musanyawa tsakanin zagaye, gwargwadon abin da abokin karawa ya zo da shi.

Sai batun gyara. Ka canza kati biyu, ka buga wasa goma, ka ci bakwai. Gyaran ya yi ke nan? Ba lallai ba. Ko da ƙarfinku ɗaya da abokin wasanka, cin bakwai ko fiye cikin goma na faruwa kusan kashi 17 cikin 100, wato sau ɗaya cikin shida. A wasa 100, sakamako kan yi lilo da maki biyar sama ko ƙasa ba tare da wani dalili ba, sai an kai wasa 400 lilon ke raguwa zuwa biyu da rabi. A ganinmu, canza abu ɗaya a lokaci ɗaya tare da rubuta sakamako ya fi dogara da abin da zuciya ta tuna, don ita wasan da ya ba ta haushi kawai take riƙewa.

Duk waɗannan alƙaluma sun dogara ne a kan cewa an gauraya katin sosai. A 1992 Dave Bayer da Persi Diaconis suka nuna cewa kati 52 na buƙatar wajen sau bakwai na gaurayar nan da ake raba tari biyu a saƙa su cikin juna. Irin wadda aka fi yi a benci, ta yanko kaɗan-kaɗan ana ɗorawa, sai an yi dubbai kafin ta kai haka. A Whot kuma katunan da aka zubar jere suke, da'ira kan da'ira, 7 kan 7. In kasuwa ta ƙare aka kwashe su aka ɗan jujjuya sau uku, kada ka yi mamaki in ka je kasuwa sau uku ka dawo da alwatika uku.