Babi Na Sha Biyu: Isnadin Sauti, Daga Intanet Zuwa Lasifika

A wani dare na goman tsakiyar watan Ramadan, bayan an idar da sallar asham, na halarci wani zama a wata makarantar Islamiyya ta cikin garin Keffi, inda malamin makarantar ya ƙudura aniyar jiyar da almajiransa karatun Shaihu Mahmud Halil al-Husari na ƙasar Masar, wanda a shekarar 1961 aka fara ɗaukar muryarsa yana karanta Alƙur'ani cikakke da tartili, domin yaran su ji da kunnensu yadda ake fitar da kowane harafi daga mafitarsa, da yadda ake jan madda da riƙe gunna, abubuwan da baki kan gaji da siffantawa alhali kunne na kama su a karo guda. Aka tayar da janareta, aka shimfiɗa tabarmi, wani saurayi ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke nan garin ya ɗora kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka bisa benci, ya sadar da ita da amfilifayar makarantar da wata siririyar waya, ya buɗe Chrome, ya shiga YouTube, ya danna. Hoton Shaihun ya bayyana, jan layin nan na ƙasa yana tafiya yana ƙirga daƙiƙoƙi, amma lasifikoki biyun da aka rataye a ginshiƙi ko tari ba su yi ba. Nan take ra'ayi ya rabu: wannan ya ce lasifika ta ƙone, wancan ya ce sabis ne babu, wani ya miƙa hannu ya murɗe kowane maɓalli na amfilifayar har ƙarshe, wani dattijo kuwa ya ce a haƙura, gobe in Allah ya kai mu a kai ta wurin masu gyara a Mararaba, in ta gagare su a wuce da ita Abuja.

Wannan mas'ala ta zama ruwan dare a makarantu da masallatai da ɗakunan ɗalibai, kuma abin da ke sosa mini rai a cikinta shi ne dukiyar da marar hali ke zubarwa a kanta ba gaira ba dalili, domin na ga wanda ya sayi sabuwar lasifika alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau, na kuma ga wanda aka share masa duk abin da ke cikin kwamfutarsa, har da kundin bincikensa na kammala karatu, saboda lalurar da danni uku na yatsa ke warkarwa.

Duk wanda ya ɗan zauna gaban malaman hadisi ya san cewa ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta, watau jerin mutanen da suka miƙa ta daga baki zuwa baki, kuma in aka sami yankewa a wuri guda, to, amincin sauran maruwaita ba ya ɗinke ɓarakar. Muryar da ke fitowa daga intanet ma tana da nata isnadin. Mafarinsa wata babbar kwamfuta ce a ƙasa mai nisa, inda aka taskace karatun cikin siffar lambobi, domin na'ura ba ta san murya ba sai ƙidaya: akan auna kaɗawar iska sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, a faifan CD sau 44,100, a rubuta kowane awo da lamba. Burauza, watau manhajar da ake shiga intanet da ita, irin su Chrome da Firefox da Edge, ita ke karɓo lambobin ta miƙa wa Windows. Shi kuma Windows ya gauraya su da sautin sauran manhajoji, ya zaɓi ƙofar da za su fita, ya danƙa wa wata ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba, wadda ke tafinta tsakaninsa da ɗan guntun ƙarfen sauti da ke cikin kwamfutar, galibi ƙirar kamfanin Realtek na Taiwan. Wannan guntun ne ke mayar da lambobi su zama raunanniyar wutar lantarki mai hawa da sauka, waya ta ɗauke ta zuwa amfilifaya ta ƙarfafa ta, sa'an nan ta isa lasifika, inda wani naɗin waya da ke zaune cikin maganaɗisu ke turawa da janyo takarda mai siffar mazurari, takardar ta kaɗa iska, iskar ta bugi kunne. Wannan ƙira ta lasifika, wadda Chester Rice da Edward Kellogg suka bayyana a Amurka a 1925, ita ce har yau a ginshiƙin masallatanmu.

To, tun da maruwaitan suna da yawa haka, ta yaya za a gane wanda ya yanke? Malaman usulul fiƙhu, idan suna neman illar da aka rataya hukunci a kanta domin su yi ƙiyasi, suna da wata hanya da suke kira sabru da taƙsimi, watau a tattara dukkan siffofin da ka iya zama illar, sa'an nan a riƙa jarraba su ɗaya bayan ɗaya ana zubar da wadda ba ta tabbata ba, har a saura da guda. A ganina babu mai gyaran na'ura da ya zo da abin da ya fi wannan, kuma sharaɗinta shi ne kada a taɓa abu biyu a lokaci ɗaya, domin wanda ya canja waya, ya canja saiti, ya kuma sake kunna kwamfuta duk a tare, ko da murya ta dawo bai san abin da ya dawo da ita ba, gobe kuma zai koma gidan jiya.

Zargin sabis shi ne farkon wanda ya faɗi a daren nan, domin da ƙarancinsa ne da hoton ma ya tsaya yana juyi. Sa'an nan na ce wa saurayin, "Ɗana, ko kana da wani karatu da ka ajiye a cikin kwamfutar, wanda ba sai an shiga intanet ba?" Ya ce, "Akwai, Malam." Na ce ya rage ƙarar amfilifaya tukuna, sa'an nan ya kunna. Yana kunnawa sai murya ta cika makarantar tangaram. Wannan gwaji guda, wanda bai ci minti ɗaya ba, ya wanke lasifika da amfilifaya da waya da direba baki ɗaya, domin shaidar da ta ratsa ta cikinsu ta iso lafiya, ya kuma tsare tuhuma a tsakanin burauza da Windows kaɗai.

Da a ce shi ma ajiyayyen karatun bai fito ba, da sai mu juya zuwa ɗaya ɓangaren, kuma ya kamata mai karatu ya san shi. A fara da bakin wayar, wannan ɗan ƙarfen mai kaurin milimita 3.5, jikan babban nan mai milimita 6.35 da masu haɗa layin tarho suka yi aiki da shi tun ƙarni na 19, wanda har yanzu shi ne ke shiga amfilifayar masallaci. Mai zobe biyu na sauti ne kaɗai, mai zobe uku ya haɗa da makirfo, kuma wajibi ne ya shige har ya ce ƙas, domin a cikin ramin akwai ɗan harshen ƙarfe da ke sanar da kwamfuta cewa an sa waya. Ƙurar hunturu, wadda mutanen Keffi suka san yadda take lulluɓe komai daga Disamba zuwa Fabrairu, takan taru a ramin ta hana wannan harshen aikinsa. Sai a kashe kwamfutar, a hure ramin, a share shi da busasshen tsinke a hankali, ban da allura ko wani ƙarfe. A tsofaffin kwamfutoci masu rami biyu, kore shi ne na fitar sauti, mai ruwan hoda na makirfo. Bayan wannan a duba ƙofar da Windows ya zaɓa, ta hanyar danna hoton lasifikar da ke kusa da agogo, domin yana da ɗabi'ar karkata ga baƙon da ya shigo ƙarshe: in an haɗa majigi ko talabijin da wayar HDMI, wadda ke ɗaukar hoto da sauti tare, sai ya tura muryar can, alhali majigi da yawa lasifikarsu ba ta kai ta rediyon aljihu ba, wasu ma ba su da ita sam. Haka nan Bluetooth, wanda aka raɗa wa laƙabin Harald, wani sarkin Denmak na ƙarni na 10: sau da yawa ɗan abin kunnen da ke kwance a aljihun mai kwamfutar ne ya kama sautin, ana can ana karatu a cikin aljihu jama'a na zaune shiru.

Amma tamu mas'alar ta burauza ce, kuma a nan ya dace a dakata, domin a tsakanin shafin intanet da Windows akwai makullai har huɗu, kowanne na iya rufe murya ba tare da sanin ɗan'uwansa ba. Na kusa shi ne ma'aunin ƙarar da ke jikin bidiyon kansa. Na bayansa yana saman shafin, inda ɗan hoton lasifika kan bayyana kusa da sunansa, in an ga an soke shi da layi to an toshe bakin shafin; a Firefox da Edge danna Ctrl tare da M kaɗai ya isa ya yi haka, hannu kuma kan yi shi bisa kuskure. Chrome kuwa, tun fitowarsa ta 64 a Janairun 2018, yana ba da damar toshe bakin gidan yanar baki ɗayansa, ya kuma riƙe wannan umarni har watanni, ta yadda wanda ya toshe YouTube sau ɗaya a ɗakin lacca don kada ya dami jama'a zai tarar da shi bebe ranar da yake bukatarsa. Gyaransa shi ne a danna kan shafin da maɓallin dama na linzami a zaɓi sakin muryar. Kada kuma a rikita wannan da hanin da Chrome ya kawo a Afrilun 2018, Firefox ya bi sahu a Maris na 2019, na hana bidiyo fara magana da kansa kafin mai kallo ya danna. Wannan kariya ce daga tallace-tallacen da ke firgita mutum da tsakar dare, danni guda ke ɗage ta.

Sauran makullai biyun na Windows ne. Tun daga Windows Vista, wanda ya fito kasuwa a Janairun 2007, kowace manhaja tana da nata ma'aunin ƙara a wani allo da ake kira miksa, wanda ake buɗewa in an danna hoton lasifikar kusa da agogo da maɓallin dama. Saboda haka babban ma'auni na iya kasancewa a 100 alhali na Chrome yana kwance a sifiri. Mun duba wannan, muka tarar da shi a cike, har ma ɗan layin da ke nuna motsin sauti yana rawa, alamar cewa burauzar tana magana, sai dai ba mu san da wa ba. A daidai nan ne wani yaro da bai wuce shekara goma ba, wanda ya matso ya ɗora haɓarsa a gefen benci, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ga shi nan yana karatu a ciki." Saurayin ya kara kunnensa a jikin kwamfutar, sai ga muryar Shaihun siririya tana fita daga 'yan ramukan lasifikar cikinta, rurin janareta ya danne ta tun farkon zama.

Illar ke nan ta bayyana, irin wadda malaman hadisi ke cewa ɓoyayya ce a isnadin da zahirinsa lafiya. A sabuntawar Windows 10 ta Afrilun 2018 an ƙara wata dama, wadda Windows 11 ya gada, ta keɓe wa kowace manhaja ƙofar fitarta, ta yadda mutum zai iya sauraren lacca a abin kunne alhali wani sautin na fita ta lasifika. Dama ce mai amfani, sai dai ba ta mantuwa, shi kuwa ɗan Adam yana mantawa. Saurayin ya tuna cewa watanni da suka wuce, lokacin da abin kunnensa ke yawan ƙwace masa sauti, ya ɗaure Chrome a kan lasifikar cikin kwamfuta, ya bar shi haka. Don haka duk sauran manhajoji suka bi sabuwar waya, burauza ita kaɗai ta tsaya kan tsohon umarni. Wanda zai duba wannan saiti ya bar bidiyon yana tafiya, domin sau da yawa manhaja ba ta bayyana a jerin sai tana fitar da sauti, sa'an nan ya mayar da mafitarta kan zaɓin asali, ko ya danna maɓallin da ke ƙasan allon mai mayar da komai yadda ya zo.

In duk waɗannan sun kuɓuta kuma shiru bai kau ba, saura kaɗan ne. A rufe burauzar gaba ɗaya a sake buɗe ta bayan an sa waya, domin wani lokaci takan maƙale wa ƙofar da ta tarar. A jarraba shafin a wata burauzar, ko a tagar sirri, inda 'yan ƙarin manhajojin da aka liƙa wa burauza ba su aiki, in ya yi magana a can to ɗaya daga cikinsu ne mai laifin. A rufe manhajojin kira da na tace sauti, domin Windows na yarje wa wasunsu su riƙe na'urar sauti su kaɗai. Sabunta direba shi ne na ƙarshe, a kuma ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Gunjin da kan biyo murya in an sa caja, wanda ke tafiya da bugun wutarmu ta Nijeriya mai sau 50 a daƙiƙa, wata lalura ce dabam, kuma in an zare cajar ya ɗauke to an gano mafarinsa.

Kafin saurayin ya saki ɗaurin, malamin makarantar da kansa ya tashi ya sake duba maɓallan amfilifayar, ya mayar da kowanne ƙasa, domin wanda ya murɗe su ɗazu ya sake murɗe biyu cikin ɗoki, kuma murya in ta dawo bagatatan a kan cikakkiyar ƙara tana iya yaga takardar lasifika ko ta ƙone naɗin wayarta, a wayi gari an jawo ainihin asarar da aka yi zargi tun farko. Aka danna, malam ya riƙa ɗaga ƙarar kaɗan kaɗan har muryar Shaihu al-Husari ta kai sahun baya inda mata ke zaune, ya tsayar da ita a ƙarshen ayar farko, ya juya ga almajirai ya ce su maimaita.