Zuciyar Mai Jego da Nauyin da Take Ɗauka

Zuciyar mutum ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba, amma takan buga kusan sau 100,000 a kwana ɗaya, tana tura jini wajen lita 5 a kowane minti ko da mutum yana kwance. Ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama ke karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iska. Na hagu, wanda ya fi kaurin tsoka, shi ke karɓo shi daga huhu ya harba shi zuwa kai da hanta da ƙoda, har yatsun ƙafa.

Idan mace ta samu juna biyu, jinin jikinta kan ƙaru da kusan rabi, kuma zuciyar nan ce dai za ta ɗauki ƙarin. Mafi yawan mata kan sauke wannan nauyi lafiya. Wasu kuwa, a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, tsokar ɓangaren hagu kan saki, ta kasa matse jini yadda ya kamata. Sai jini ya tare baya, ruwa ya tsattsafo cikin huhu, mai jego ta fara haki ko daga ɗaki zuwa tsakar gida. Ƙoda kuma, da jini ya yi mata ƙaranci, sai ta riƙe gishiri da ruwa, ƙafafu su kumbura.

Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970, likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta shi da al'adun jego: kunun kanwa, wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna ciwon na kama har waɗanda ba su bi waɗannan al'adu ba, ya kuma karkata ga ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki. Ban ga amfanin ɗora wa iyayenmu mata laifi ba, don kulawa ce suke yi da zuciya ɗaya. Sai dai kanwa cike take da irin sinadarin da ke cikin gishiri, kuma zuciyar da ta raunana ba ta buƙatar ƙarin ruwa a jiki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake cewa "gajiyar haihuwa ce, za ta wuce". Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta tara filo, ko take farkawa da dare tana tari tana neman numfashi, asibiti take buƙata ranar, ba sai an yi arba'in ba. Hoton zuciya kan nuna ciwon, akwai kuma magungunan rage ruwa da na sauƙaƙa wa zuciya aiki. Wasu zuciyarsu kan dawo daidai cikin watanni. Wadda tata ba ta dawo ba, sabon ciki na iya zama haɗari ga ranta, don haka ita da mijinta su zauna da likita kafin nan.