Kama ɗakin haya a birnin Akara na ƙasar Gana

Idan ka sauka Akara ci-rani, fara neman ƴan gida. Hausawa da Zabarmawa suna da yawa a unguwannin Nima, Madina da Sabon Zango. Sarkin zango ko limamin unguwa yana iya haɗa ka da mai gida amintacce.

Masu gidaje sukan nemi kuɗin haya na shekara 1 ko 2 gaba ɗaya, alhali dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata 6 ba. Kada ka ba dillali kuɗi sai ka ga ɗakin, ka ga mai shi. Ka biya gaban shaidu 2, ka karɓi takardar shaidar biya. A rubuta a cikinta wanda zai biya kuɗin ruwa da na lantarki.

Ka duba bango da kyau. Idan ka ga sawun ruwa, to ruwa yana cin wurin da damina.

Don sanin gari, ka riƙa shiga toro-toro, wato ƙananan motocin haya, kana tambayar kuɗin mota kafin ka hau. Rubuta sunan unguwarka da tashar da ke kusa, ka ajiye cikin aljihu. Sannan ka je ofishin jakadancin Nijar a rubuta sunanka, don a san da kai idan matsala ta taso.