Kalmar Turanci da na tsinta a layin neman takarda

Tun da yaƙi ya watsa mutanen Wad Madani a Disambar 2023, ƙauyukanmu na kewayen Makwar suka cika da baƙi, masu aikin agaji kuma suka shiga neman wanda ke jin Hausa da Larabci da ɗan abin da ba a rasa ba na Turanci. Ni malamin firamare ne, makaranta tana rufe, sai na karɓi aikin fassara. A cikin wani rahoto da aka ba ni ne na ci karo da kalmar byzantine. Mai rubutun tana bayani ne a kan wahalar da mutum ke sha kafin ya sake samun takardun shaidarsa idan sun salwanta a gudun hijira, sai ta siffanta hanyar da wannan kalma guda.

Na buɗe ƙamus, ya ce mini abin da ya shafi tsohuwar daular Bizantiya. To, me ya haɗa daular da ta mutu shekaru ɗari biyar da suka wuce da matar da ta baro jakarta a Madani?

Da la'asar na tafi wurin tsohon malaminmu na Turanci, wanda ya yi ritaya yana zaune a gida. Na ce, "Ustaz, Allah ya ƙara lafiya, wata kalma ce ta tsaya mini a wuya." Ya duba takardar, ya yi dariya. Ya ce, "Ɗana, ai ka san ta. Ba ka taɓa jin Larabawa sun ce jadal bizanɗi ba?" Na ce na sani mana, gardamar da ba ta da kai ba ta da gindi. Ya ce to uwa ɗaya ta haife su. Larabawa sun ɗauki gardamar, Turawa sun ɗauki ofis. Idan Bature ya ce tsari byzantine ne, yana nufin an cusa masa lunguna da ƙofofi da sa hannu fiye da kima, har wanda ke ciki ma ba zai iya zana maka hanyar fita ba, kuma galibi akwai ƙulle-ƙulle a bayan fage. Wasu su furta ta bizantin, wasu bizantayin, duk daidai ne.

Daular da ake magana, mai karatu ya san ta da wani suna. Su ne Rumawan da aka ambata a Suratur Rum. Su kansu ba su taɓa kiran ƙasarsu Bizantiya ba, Rumawa suke ce wa kansu. Masanan Turai ne suka laƙaba musu sunan bayan sun shuɗe, daga tsohon sunan garin da sarki Kustantin ya mayar babban birninsa a shekarar 330, wato Istanbul ta yau. Birnin ya faɗa hannun Sultan Muhammad Fatih a 1453. Fadarsu ta yi suna wajen yawan sarautu da muƙamai da ƙa'idojin shiga gaban sarki, marubuta irin su Edward Gibbon na Ingila kuma suka zana su a matsayin mutanen makirci da lalacewa, hoton ya zauna.

Ni dai a ganina an ɗan zalunce su. Mulkin da ya haura shekara dubu, wanda kuɗinsa na zinariya ya riƙe darajarsa kusan ƙarni bakwai, ba za a ce ma'aikatansa ba su san aiki ba. Sarkinsu Justiniyan ma abin da aka fi tunawa da shi shi ne tattara tarkacen dokokin Rum wuri guda a tsakanin 529 da 534 don a rage ruɗani. Amma wanda ya mutu ba ya kare kansa.

Ustaz ya ja mini kunne a kan abu ɗaya. Ya ce kada in riƙa jefa kalmar a kan duk abin da ya yi mini wuyar ganewa. Ya nuna gabas da hannu, ɓangaren madatsar ruwa. Wannan madatsa da aka kammala a 1925, wadda mu har gobe muke kira da sunan Makwar ko da yake a takarda ta Sinnar ce, ita ke shayar da gonakin Jazira da Manaƙil, sama da fadan miliyan 2. Ruwa ya bar Shuɗin Nilu ya shiga babbar tur'a, daga nan ya rabu zuwa matsakaita, zuwa ƙanana, ya faɗa Abu Ishirin mai shayar da nimra guda ta fadan 90, sannan Abu Sitta ya kai shi cikin hawasha. Baƙo zai ga abin kamar saƙar gizo. Amma toshe kowace ɗaya ka gani, gonar wani za ta bushe. Kowane reshe da aikinsa. Wannan, in ji shi, tsari ne mai sarƙaƙiya kawai. Byzantine shi ne wanda za ka cire rabin matakansa babu abin da zai lalace, sai dai wani ya rasa abin shan shayi.

A nan ne maganar ta taɓa ni, domin a lokacin ina tsakiyar bin takardun ƙanena.

Yaron yana son lambar ɗan ƙasa, rakam waɗani, wadda in babu ita ba fasfo, ba asusun banki, jarrabawa ma sai an yi ta fama. Mun je wani ofishi a birni da sassafe. Taga ta farko aka ce mu kawo jinsiyyar mahaifi. Mahaifinmu ya rasu, takardarsa kuma ruwan damina ya cinye ta tun tuni. Aka ce to a kawo shaida daga dangin uba. Na koma na ɗauko Baffa, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, muka hau mota. Aka duba tasa takardar aka ce sunan kakanmu bai yi daidai ba: a nan an rubuta Abubakar, a can Babikir. Wani magatakarda ne shekaru da dama baya ya ji Abubakar ya rubuta yadda bakinsa ya saba. Gyaran sai an yi rantsuwa a wani wuri dabam, wurin kuma ya ce ba zai karɓi rantsuwa ba sai da wasiƙar shehun ƙauye, wasiƙar kuma sai an buga mata hatimi a ofishin da muka fara zuwa. Mai hatimin ya tafi karin kumallo. Wallahi sau huɗu muna zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai, a gabanmu wani saurayi ya zo da takardu ƙasa da namu, aka tambaye shi ƙabilarsa, ya faɗa, ba a yi minti goma ba ya fita. Da aka zo kanmu muka ce Hausa, sai tambaya ta sauya: kakanku yaushe ya shigo?

Wannan tambaya tana da tarihi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko iyayensa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. Jama'ar da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno kudu da mu, sun makara da 'yan shekaru kaɗan. Haka dubban mahajjatan da suka yada zango a nan suna tsintar auduga don tara guzurin Makka. Daga baya an matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1 ga Janairun 1956. A rubuce ke nan kusan dukkanmu mun shiga. Amma doka ta sauya, taga ba ta sauya ba. Babu wanda zai ce maka a'a. Za a ce dawo gobe, kawo kaza, je ka wurin wane, har ka gaji da kanka ka bari. Shi ya sa nake ganin Ustaz bai faɗi duka ba. Ya ce matakan banza ne marasa aiki, ni kuwa na ga suna da aiki: rariya ce, wani ya wuce, wani ya maƙale, kuma ba za a kama kowa da laifin hanawa ba.

Da na koma kan fassarata sai na rasa yadda zan juya kalmar. Na gwada "mai sarƙaƙiya", na ga ta yi sanyi. Na gwada "mai murɗiya", na ga ta fi kusa da maguɗi. Daga ƙarshe na rubuta "hanya mai lunguna da aka tsawaita da gangan", duk da na san mai rahoton ba ta ce da gangan ba. Nawa ne wannan.

A zuwanmu na huɗu, muna zaune a inuwar bango muna jiran mai hatimi, na ba Baffa labarin kalmar. Ya saurara har na gama, ya ce, "Yanzu Rumawan nan, su ma sai da suka kawo baffansu?" Na ce, "Baffa, littafin bai faɗa ba." Ya gyara rawaninsa ya ce in leƙa ko mutumin ya dawo.

Bai dawo ba. An ce mu zo ranar Lahadi.