Zaman Shawarar Masu Goyo

Duk wanda ya tashi a babban gida, inda kakanni da gwaggwanni da faccaloli ke zaune a tsakar gida ɗaya, ya san cewa a da ba a barin mai jego ita kaɗai da jaririnta, gama tun daga ranar da ungozoma ta yanke cibi har zuwa cikar arba'in, akwai mai dafa mata ruwan wanka, akwai mai dama mata kunu, akwai kuma tsohuwar da za ta karɓi yaro idan kukan dare ya tsananta. Yau kuwa, da neman abinci ya warwatsa jama'a cikin birane, sai ka tarar da mai haihuwar fari a ɗakin haya a Kano ko Maraɗi, miji ya fita tun asuba, nono ya kumbura, yaro ya ƙi kamawa, ba ta da abokin shawara sai hawayenta.

Wannan rashi ne ƙungiyoyin iyaye mata suka zo magancewa. Tun a 1956 waɗansu mata bakwai suka kafa La Leche League a jihar Ilinoi ta Amurka domin su taimaki juna kan shayarwa, sa'an nan a 1991 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin kyautata shayarwa a asibitoci bisa sharuɗɗa 10, wanda na ƙarshensu a lokacin shi ne a sada mai jego da irin wannan ƙungiya idan an sallame ta.

A ƙasarmu ta Hausa al'amarin ba ya bukatar kome sai tabarma da inuwar darbejiya. Mata goma sha wani abu su hallara, kowace da goyonta, sai ƙaramar cikinsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, surukata ta ce in ban ba shi ruwa a bazaran nan ba, ƙishirwa za ta illata shi." Babbar ba ta kawo mata hujjar littafi ba tukuna, kwance goyonta take yi, ta ɗora mata ɗan wata shida a cinya, ɓulɓul da shi, ta ce, "Ƙanwata, ɗauki ki ji nauyinsa, wannan bai taɓa kurɓar ruwa ba." Bayan haka ne ake bayyana mata cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma dakashin da ake tatsewa a zubar shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. A ganina hikimar zaman duka tana nan, domin nasihar da mace za ta saurara daga bakin ma'aikaciyar asibiti cikin ladabi ta manta a hanya, idan ta fito daga bakin maƙwabciyar da ta jarraba, takan zauna a zuciya.

Har ilimin da ake zaton sai ma'aikata an danƙa shi a hannun mata, kamar yadda aka yi a Mirya ta jihar Damagaram, inda aka koya musu auna damtsen yara da ɗan zare mai launi uku, wanda ja a jikinsa ke nuna tamowa mai tsanani.

Akwai kuma ciwon da ba a aunawa da zare, wato ƙuncin zuciya da rashin barci da yawan kuka da ke kama waɗansu mata bayan haihuwa, wanda kunya kan hana su ambata, sau da yawa ma a ɗora wa iska. A cikin 'yan'uwa mata ne mai wannan lalura kan fara buɗe baki, su rarrashe ta, in ya yi tsanani su raka ta asibiti.

Saboda haka muna roƙon magidanta, tun da izini a hannunsu yake, su bar iyalansu su halarci wannan zama, su kuma shawo kan iyayensu mata su bi su, domin a yawancin gidajenmu maganar kaka ce ake bi a kan jariri.